Baƙuwar Aure A Ƙasar Daura, In Miji Ya Cuce Ta

Duk wanda ya san ƙasar Daura ya san auratayya ba ta taɓa tsayawa a shingen Kwangwalam ba. Tun kafin Ingila da Faransa su daidaita iyakarsu a 1906, mutanen Zango da Baure da Mai'aduwa suna auro 'yan matan Matameye da Magarya, nasu kuma ana kai su can. Ba a tuna akwai iyaka sai ran da zama ya ɓaci, miji ya ɗaga hannu. Sa'an nan za ka ji ya ce mata, "Ke baƙuwa ce. In kika kai ƙara sai in sa ma'aikatan shige da fice su mai da ke garinku, 'ya'ya kuwa nawa ne." Sai ta haɗiye kukanta.

Alhali kuwa yawancin wannan barazana holoƙo ce, hadarin kaka.

Fiƙihu bai sanya zama 'yar ƙasa sharaɗin sauraron ƙara ba. A Muhtasar na Shehu Halilu, in cuta ta tabbata mace tana da ikon a raba auren, ko da shaidu ba su ce an maimaita ba, kuma ana karɓar shaidar ji, watau abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta. Risala ta ƙara da cewa in cutar ce ta sa mace ta fanshi kanta da hul'i, to, sakin ya tabbata, dukiyarta kuma a mayar mata.

Batun 'ya'ya shi ya fi kama zuciyar uwa, nan ne kuma aka fi ruɗa ta. A mazhabar Malikiyya riƙon yaro na uwa ne har ya balaga, na yarinya har ta tare a ɗakin miji, muddin uwar ba ta sake aure ba. Gaskiya ne ƙaura tana iya zubar da wannan haƙƙi, amma ƙaura ta baridi shida. Baridi ɗaya mil 12 ne, jimla mil 72 ke nan. To, daga Daura zuwa Matameye bai yi kusa da haka ba. Malaman da suka yi wannan ƙa'ida nisan hanya suka auna, don kada uba ya kasa duba ɗansa. Ba su san shingen kwastan ba, balle su rataya hukunci a kansa.

Ta wajen hukuma, sashe na 25 na Tsarin Mulkin 1999 ya sa ɗan da ubansa ɗan Nijeriya ne shi ma ɗan ƙasa ne, sashe na 26 kuma ya buɗe wa matar ɗan Nijeriya ƙofar neman rajistar zama 'yar ƙasa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan yankin kwana 90 ba biza. Da ficewar Nijar ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025, ƙungiyar ta nemi ƙasashenta su ci gaba da barin 'yan Nijar su shiga su zauna har sai an sake sanarwa. Sassauci ne wannan, ba tabbataccen haƙƙi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne takardu. Izinin zama na aure da sa hannun miji ake nemansa, ga shi kuwa mijin ne mai dukan. Waɗansu ƙasashe sun toshe wannan kafa. Amurka ta yi doka a 1994 wadda ta ba matar da ɗan ƙasa ke cuta damar neman izinin zama da kanta, ba da sanin mijin ba. Ingila ma ta shigar da irin wannan cikin ƙa'idojinta a 2002, abin da ya kamata fataken da suka aurar da 'ya'yansu can su sani. Dokar shige da fice ta Nijeriya ta 2015 ba ta keɓe irin wannan babi ba.

Saboda haka nauyi ya koma kan waliyyi. Ana karɓar takardar aure a kotun shari'a, ta haihuwar yara kuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wanda ya ba da 'yarsa daga Magarya ya riƙe kwafinsu a hannunsa, kada su kwana a akwatin surukinsa kaɗai.