Mutuwar jarumi a kan tebur: wa ke da magana ta ƙarshe a wasan Dungeons & Dragons?

A watan Yulin 2018, masu kallon shirin Critical Role ta intanet sun ga abin da ba su zata ba. Shiri ne na wasu Amurkawa masu sana'ar ɗora murya a finafinan zane da wasannin bidiyo, waɗanda a lokacin suke zama kowace Alhamis su buga wasan Dungeons & Dragons a gaban kamara. A kashi na 26 na zango na biyu, Mollymauk, jarumin da Taliesin Jaffe ya yi wata shida yana riƙe da shi, ya faɗi a gumurzu da wasu masu fataucin bayi, shugabansu kuma ya ƙarasa shi. Jagoran wasan, Matthew Mercer, bai janye hukuncin ba. Wasu masu kallo sun yi ta tada jijiyar wuya a shafukan sada zumunta, amma shi Jaffe bayan ɗan lokaci ya dawo teburin da sabon jarumi mai suna Caduceus Clay, wasa ya ci gaba.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan ba ya buƙatar kwamfuta. Mutum huɗu ko biyar ne ke zama da takarda da fensir da ƴaƴan ludo masu fuskoki daban-daban, mafi shahara shi ne mai fuska 20. Kowa na da jarumi guda da ya ƙirƙira, da sunansa da halinsa da ƙarfinsa a rubuce. Mutum ɗaya kuma shi ne jagora: shi ke ba da labarin duniyar, shi ke magana da bakin sarakuna da dodanni, shi ke yanke hukunci idan an yi gardama. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan a Amurka a 1974. A Faransa, inda ƴan Nijar mazauna can za su iya cin karo da shi a kulob na ɗalibai, ya samu gindin zama tun da wuri, har mujallar Casus Belli ta fara fitowa a 1980.

A shekarun farko, ran jarumi ba shi da tsada. Matsafi ɗan koyo kan fara da makin rai tsakanin 1 zuwa 4, sara ɗaya ya ishe shi. Gygax da kansa ya rubuta wani kasada mai suna Tomb of Horrors, aka buga shi a 1978, don ya kunyata ƴan wasan da ke taƙamar babu abin da zai kada su. A cikinsa akwai wani kan shaiɗan kore da baki a buɗe. Duk wanda ya shiga bakin ya ɓace ke nan. A wasan Traveller na 1977 kuwa, jarumi na iya mutuwa tun ana cikin ƙirƙirarsa, kafin a soma labarin ma.

Bugu na biyar na 2014 ya sassauta. Idan makin rai ya ƙare, jarumi suma yake yi, sai mai shi ya riƙa jefa mai fuska 20 a kowane zagaye. Goma zuwa sama nasara ce, ƙasa da haka faɗuwa. Nasara uku ya tsira, faɗuwa uku ya tafi, kuma idan 1 ta fito ana lissafa ta faɗuwa biyu. Akwai ma tsafin tada matacce, amma mafi sauƙinsa sai an yi shi cikin minti ɗaya da mutuwar, kuma yana cin lu'ulu'u na zinariya 300 a kuɗin wasan. Duk da wannan rangwame ana mutuwa, kuma a nan ne rigima kan tashi.

Dalilin zafin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya yi shekara yana zuwa kowane mako, ya rubuta wa jaruminsa uwa da uba da tsohuwar gaba, ba zai ji daɗi ba a ce jifa ɗaya ta share duk wannan. Sai dai ƴan wasa da dama sun lura da wani abu: ranar da suka gane jagora ba zai taɓa bari kowa ya mutu ba, daga ranar faɗa da dodo ya zama wasan yara. Babu mai yin dabara, babu mai gudu, tunda an san ƙarshen.

Littattafan wasan sun ba jagora magana ta ƙarshe, har a kan dokokin da ke rubuce. Al'adar da aka fi bi ita ce, idan ya yanke hukunci a tsakiyar wasa sai a karɓa a wuce, ƙorafi kuma a ajiye shi sai an tashi, kamar yadda ba a tsayar da ƙwallo rabin sa'a don musu da alƙalin wasa. Amma ikon nan aro ne. Jagora ba shi da albashi, ba shi da hukumar da ta naɗa shi, kuma duk wanda ya ga ana yi masa son kai zai daina zuwa. Shi ya sa mutuwa biyu masu kama da juna kan haifar da sakamako daban. Idan jagora ya nuna alamun haɗari, ya ce ga ƙasusuwan mutane a bakin kogon, ɗan wasa ya kutsa duk da haka, to wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Idan kuwa dutse ne ya faɗo daga sama ba gargaɗi, a kan jarumin wanda suka yi cacar baki da jagora jiya, ko doka ta yarda teburin ba zai yarda ba.

Muhawarar da ba ta ƙare ba ita ce ta allon kwali da jagora ke kafawa a gabansa yana jifa a bayansa. Wasu na ganin ba laifi ya rage lambar da ta fito don ya ceci sabon shiga. Wasu na cewa da zarar an kama shi sau ɗaya, babu wata nasara da za ta ƙara yin daɗi, don haka suna jifa a fili kowa na gani. Hujjar waɗannan na biyu ta fi ƙarfi, ko da yake ta fi ciwo.

Teburori da yawa yanzu suna keɓe zama na farko don yarjejeniya kawai, ba a wasa. A nan ake faɗin ko labarin mai yawan kisa ne, ko ana iya tada matattu, da irin abubuwan da wani ba ya son a kawo. Wasu kan ajiye kati mai alamar X a tsakiya, dabarar da John Stavropoulos ya ƙirƙira: wanda labari ya taɓa masa wani tabo na gaske sai ya taɓa katin, a sauya hanya ba tare da an tambaye shi dalili ba. Katin bai shafi jifar da ta zo da rashin sa'a ba. Wannan kam, jagorori da dama kan ce kowa ya zo da jarumi na biyu a rubuce cikin jaka.