Yadda Ake Rage Surutun Make

'Yan'uwa, kowane malami ya sani allon da aka cika da rubutu barkatai ba ya koya wa yaro kome. Haka yake ga baƙin allon kwamfuta, inda masu koyon aikinta a nan Gidan Kwano suke buga umarni.

Akwai wata manhaja, sunanta Make, wadda Stuart Feldman ya ƙago a Amurka cikin 1976. Akan jera mata ayyuka cikin fayil mai suna Makefile, ita kuwa ta aikata su. Amma tana da surutu, gama takan rubuta kowane umarni a allo kafin ta aikata shi, har saƙon kuskure ya ɓace cikin tarin layuka.

To, ga magani. Sa alamar @ a farkon layin umarni, sai ta aikata shi shiru. In ka ƙara -s, duk umarnin za su ɓoyu. In kuwa ka haɗa mata ayyuka da yawa lokaci guda da -j, layukansu sukan cuɗe. Domin wannan GNU Make 4.0 ta kawo -O cikin 2013, mai tara maganar kowane aiki wuri ɗaya.

Amma a yi hattara. Ran da aiki ya lalace, lalle ka nemi abin da ka ɓoye. Buga make -n, za ta nuna umarnin duka ba tare da ta aikata su ba.