Palermo: Birnin Italiya Da Bai Manta Da Musulmi Ba

A yau mata da dama suna samun damar raka maigida ƙasashen waje, ko don kasuwanci, ko taro, ko ziyarar ɗa da ke karatu. Abin takaici shi ne wasunmu daga masauki sai kantin jaka da takalmi, a dawo gida yara su ce "Umma me kika gani?" a rasa amsa. Idan Allah ya kai ki Italiya, akwai birni guda da nake so ki sa a lissafi, wato Palermo, babban birnin tsibirin Sisili da ke tsakiyar Bahar Rum, tsallaken ruwa daga Tunisiya.

Dalilina kuwa shi ne birnin ya taɓa zama na Musulmi. Rundunar Musulmi ta sauka a tsibirin a shekarar 827, ta ci Palermo a 831, kuma birnin ya zauna a hannunsu har 1072 lokacin da wasu mayaƙa Kiristoci da ake kira Normawa suka ƙwace shi. Matafiyi Ibn Hauƙal da ya ziyarce shi wajen 973 ya ba da labarin masallatai kimanin 300. Musulmi ne suka bunƙasa noman lemun tsami da rake da auduga a tsibirin, suka haƙa hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa don ban-ruwa.

Abin da ido zai gani

Ki fara da fadar Zisa, wadda sunanta ya samo asali daga kalmar Larabci al-Aziza. Sarki Kirista ne ya sa aka fara gina ta a 1165, amma fasalinta na ginin Musulmi ne. A babban zaurenta akwai maɓulɓular ruwa da aka tsara ta gangaro ta tsakar ɗaki ta fice zuwa lambu, domin iska ta bi ta kan ruwan ta sanyaya gidan a lokacin zafi. Ki tuna babu lantarki a zamanin, ilimi ne da lura kawai. Yanzu an ajiye kayan fasahar Musulunci a ciki don masu ziyara.

Daga nan sai fadar sarakunan Normawa. A cikinta akwai ƙaramar majami'ar Sarki Roja na Biyu, wadda rufinta na katako ne da aka sassaƙa kamar saƙar zuma, irin wanda ake gani a masallatan ƙasashen Larabawa, har da rubutun Larabci. Ki sani tun kafin ki shiga cewa wurin ibadar Kiristoci ne, bangonsa cike yake da hotunan mutane, don haka idan zuciyarki ba ta natsu ba, Zisa ta wadatar. A fadar wannan sarki ne malami Al-Idrisi ya kammala shahararriyar taswirarsa ta duniya a 1154, kuma littafinsa ya yi bayanin daular Gana da Kanem. A ƙofar babbar majami'ar birnin ma, wadda ta taɓa zama masallacin Juma'a, akwai ginshiƙi da ke ɗauke da aya daga Suratul A'araf har yau. Hukumar UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin kayan tarihi na duniya a 2015.

Kasuwa

Idan kin saba da hayaniyar kasuwar Kurmi, kasuwar Ballaro ba za ta zame miki baƙuwa ba. Lunguna ne matsattsu, rumfa na jingine da rumfa, 'yan kasuwa na ɗaga murya suna tallar kayansu kamar masu waƙa. Ita da kasuwar Capo su ne suka fi ci a yanzu. Ki je da safe, domin lokacin ne kifi yake sabo, kuma da rana ta yi masu rumfa kan fara tattarawa. Za ki ga zaitun iri-iri, tumatir busasshe, lemo, zabibi, da kifaye manya da ake yankawa a gabanki.

Abu biyu za ki kiyaye. Na farko, ba a son mai saye ya riƙa latsa kayan marmari da hannu. Ki nuna, mai kaya ya ɗauko miki. Na biyu, kayan abinci da kilo ake sayarwa kuma an rubuta farashi, saboda haka ba a ciniki irin namu. Jakarki kuwa ki rataya ta a gaba a ƙarƙashin hijabi, kasuwa ko'ina kasuwa ce.

Ci da lura

Nan ne wurin da ya fi buƙatar natsuwarki, domin abincin Palermo yana da daɗi amma alade kan ɓuya inda ba a zato. Ki haddace kalmomi huɗu: maiale shi ne alade, prosciutto naman cinyarsa, strutto kitsensa, vino kuma giya. Kalmar senza tana nufin "ba tare da", sai ki haɗa ta da wanda kike gudu.

Burodin nan mai saifa da huhun ɗan maraƙi da birnin ya shahara da shi, a kitsen alade ake soya naman, don haka ki wuce shi. Arancina, dunƙulen shinkafa da ake soyawa, sau da yawa akwai naman alade a cikinta. Ki nemi mai alayyafo ko mai cuku, kuma ki tambaya. Hatta cannolo, zaƙin da kowane baƙo ke nema, a al'ada ana kwaɓa ɓawonsa da kitsen alade da ɗan giya.

Amma halal ɗin ma yana da yawa. Akwai panelle, wanda ake yi da garin waken nan da alhazai suka sani da hummus: a dama shi ya yi kauri, a shanya, a yanka, a soya, a sa cikin burodi mai riɗi a matsa lemun tsami. Ɗan'uwan ƙosai ne. Akwai taliya da kifin sadin da zabibi da za'afaran, sai dai ki tabbatar ba a zuba giya a miyar ba. Akwai gasasshen kifi, akwai granita, niƙaƙƙiyar ƙanƙara da ruwan lemun tsami. Idan nama kike so, a kewayen Ballaro akwai mahauta Musulmi 'yan Tunisiya da Bangaladash. Birnin yana da masallaci da aka buɗe a 1990 a ginin wata tsohuwar majami'a.

Tsarabar da ta fi

Matafiyi Ibn Jubair ya zo Palermo a ƙarshen 1184, sama da shekara 100 bayan faɗuwar mulkin Musulmi, ya tarar matan Kiristoci suna lulluɓi, suna ƙunshi, suna magana da Larabci kamar Musulmai. Dubi irin tasirin da matan Musulmi suka yi a kan maƙwabtansu ta hanyar kamun kai da tsafta. Amma kafin shekarar 1250 an kwashe ragowar Musulmin tsibirin zuwa garin Lucera a can cikin Italiya. Tun da farko rarrabuwar kan sarakunansu ce ta buɗe wa Normawa ƙofa.

Wannan shi ne labarin da ya kamata ki kawo wa 'ya'yanki tare da alewa da turare. Ki nuna musu hotunan Zisa, ki gaya musu cewa masu ilimi ne suka yi wannan aiki har wanda ya ci su da yaƙi ya rasa yadda zai yi sai da su. Ki kuma gaya musu yadda rashin haɗin kai ya raba mutane da gidajensu. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya sa mu amfana da abin da muka gani, amin.