Ozon da Ayonosfiya: Shimfiɗu Biyu a Saman Tafkin Kainji

Iskar da ta kewaye duniya shimfiɗa-shimfiɗa ce, kuma biyu daga cikin shimfiɗun nan, wato ozon da ayonosfiya, akan ɗauke su abu ɗaya saboda hasken rana ne ke samar da kowacce, alhali kuwa sun sha bamban a nisa, da sinadari, da kuma amfanin da suke yi wa Basarken da ke su a tafkin Kainji ko manomin albasa a ƙasar Yauri.

Ozon nau'in iskar oksijin ce mai ƙwayar zarra uku maimakon biyu na wadda ake shaƙa, kuma ta fi taruwa tsakanin kilomita 15 zuwa 35 daga doron ƙasa, inda take tare mafi yawan hasken ultrabayolet, wato sashen hasken rana da ido ba ya gani amma yake haddasa sankarar fata da yanar ido. Abin mamaki shi ne ƙarancinta, domin da za a sauko da ita ƙasa a matse, kaurinta bai fi milimita 3 ba, amma da wannan ɗan abu ake kare masuncin Wara ko na gungunan Yauri, wanda ke wuni a kwalekwale ba inuwa, a yankin da rana ke da ƙarfi kusan duk shekara.

Ayonosfiya kuwa tana can sama sosai, daga kusan kilomita 60 har zuwa 1,000, inda iska ta yi sirara ƙwarai, hasken rana mai ƙarfi yana fizge elektiron daga jikin ƙwayoyin zarra, har iskar ta zama mai ɗauke da lantarki. Irin wannan iska tana tanƙwaro igiyar rediyo ta maido ta ƙasa, abin da Edward Appleton na Ingila ya tabbatar a 1924, kuma shi ne dalilin da ya sa mutanen Shanga da Ngaski suka daɗe suna kama sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, a kan gajeren zango tun kafin zuwan wayar hannu. Sashenta na ƙasa, wanda masana ke kira D, yana shanye igiyar matsakaicin zango da rana, amma da zarar rana ta faɗi sai ya dusashe, shi ya sa tashoshi masu nisa kamar Rediyon Kaduna suka fi fitowa tangaram da dare, yayin da igiyar FM take ratsa shimfiɗar ta wuce ba ta dawo ba. Ekwatar maganaɗisun duniya kuma ta ratsa Nijeriya ba nesa da wannan yanki ba, kuma a irin wannan wuri ayonosfiya takan rikice bayan magariba, har ta dagula saƙon GPS da ke fitowa daga tauraron ɗan Adam.

Bambancin da ya fi cancantar kulawa shi ne cewa ayonosfiya rana ce ke juya ta, da dare da yini da kuma zagayen ƙarfin rana na kusan shekara 11, ita kuwa ozon hannun mutum ya kai gare ta. Sinadaran CFC da ake sa wa firji da na'urar sanyaya ɗaki sun hau sama sun riƙa cinye ta, har masana na Birtaniya suka bayyana raguwarta a saman Antatika a 1985, aka ƙulla yarjejeniyar Montreal ta rage amfani da su a 1987, Nijeriya ta shiga a 1988. Kuskure ne a ɗora zafin bazara na Yelwan Yauri a kan raguwar ozon, domin ɗumamar yanayi daga hayaƙin mai da kwal da sarar daji take, kuma haɗa matsalolin biyu yana sa a nemi magani inda ba nan ciwon yake ba. Inda al'amarin ozon ya shafi bakin tafki kai tsaye shi ne shagon mai gyaran firji da na mai ƙanƙarar adana kifi, domin gas ɗin R-22, wanda shi ma ke cin ozon kuma har yanzu ake samun sa a tsofaffin na'urori, yana cikin waɗanda aka tsara ƙasashe masu tasowa su kusan daina amfani da su a 2030, kuma duk wanda ya sake shi a iska yayin gyara maimakon ya tara shi yana jinkirta farfaɗowar ozon da masana ke sa ran gani a yawancin duniya wajajen 2040.