Shirin Mujallar Kiɗan Na'ura Domin Samari: Abin Da Ya Kamata A Auna Tun Da Fari

Kowane malamin makaranta ya sani yaro ya fi saurin karanta abin da ransa ke so bisa ga abin da aka tilasta masa. Sabo da haka muka ga ya kyautu mu kawo wa masu karatu labarin wata irin mujalla wadda samarin Turai da Amurka suka yi ta bugawa tun daga wajen 1983, mai ba da labarin kiɗan na'ura na bayan fage. Waɗansu sun daɗe, waɗansu kuwa sun mutu tun ba a je ko'ina ba. Duk mai niyyar fid da irinta ya kamata ya dubi yadda suka tashi da yadda suka faɗi, gama gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Wane Irin Kiɗa Ne?

Kiɗan na'ura shi ne wanda a ke haɗawa da akwatunan lantarki, ba ganga, ba algaita, ba taron makaɗa. Mutum guda a ɗakinsa ya isa. Ana ce da shi na bayan fage domin da fari manyan kamfanonin faifai da gidajen rediyo ba su kula da shi ba, sai dai a ji shi a ƙananan gidajen rawa da rumbunan ajiya da aka daina aiki da su.

A birnin Shikago na Amurka wani mai juya faifai, Frankie Knuckles, ya fara aiki a gidan rawa mai suna Warehouse cikin 1977, daga nan a ke jin kiɗan House ya samo sunansa. A Ditiroyit kuwa waɗansu samari uku baƙar fata, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, waɗanda suka yi makaranta ɗaya a garin Belleville, su suka kafa wanda a ke kira Techno. Abin da ya taimake su duka shi ne araha. Kamfanin Roland na Japan ya fid da akwatin ganga TR-808 cikin 1980, da wani akwatin sauti TB-303 cikin 1981. Manyan makaɗa suka raina su, kasuwa ta ƙi, har suka koma shagunan kayan hannu inda ɗan talaka ke iya saye. Ashe abin da babba ya yar, shi yaro zai mayar abin alfahari.

Wa Za A Rubuta Wa?

Wannan ita ce tambaya ta fari, kuma ita ce mai wuya. Mujallar Mixmag ta Ingila ta fara cikin 1983, 'yar takarda ce baƙi da fari wadda a ke aika wa masu juya faifai kaɗai. Da kiɗan ya game ƙasa wajen 1988, sai ta buɗe ƙofa ga masu zuwa rawa, ta zama babbar mujalla. Boy's Own kuwa, wadda waɗansu abokai suka fara a London cikin 1986, cikinsu har da Terry Farley da Andrew Weatherall, ta tsaya a kan 'yan unguwa. Da harshen titi a ke rubuta ta, da ba'a irin wadda sai ɗan gari ke ganewa. Masu karanta ta kaɗan ne, amma sun riƙe ta tamkar tasu.

To, ga inda gizo ke saƙa. In edita ya rubuta domin gwanaye kaɗai, yaro sabon shiga zai buɗe ya ga baƙin sunaye ya rufe. In kuwa ya sauƙaƙa ƙwarai, gwanayen za su ce an sayar da su. Dabarar da ta fi ita ce a raba shafuka: a ware sashe mai koya wa baƙo asalin kiɗan da ma'anar kalmominsa, sa'an nan a bar sashen sharhin sababbin faifai ga waɗanda suka yi nisa.

Me Za A Sa A Bango?

Mujallar waƙa ta saba sa hoton tauraro a bango domin ta ja mai saye. Amma a nan akwai cikas, gama da yawa daga cikin masu wannan kiɗa ba su son a san fuskarsu. Ƙungiyar Underground Resistance ta Ditiroyit, wadda Mike Banks da Jeff Mills suka kafa, ta shahara da rufe fuska, wai don a saurari aikin a ƙyale mai aikin. Wani ɗan London mai kiran kansa Burial ya ɓoye sunansa har 2008. Sabo da haka tilas mai shirin irin wannan mujalla ya nemi mai zane gwani tun kafin ya nemi mai ɗaukar hoto, domin sau da yawa zane da tsarin haruffa su ne za su tsaya a maimakon fuska.

Maganar Kuɗi

Akawuna sun fi kowa sanin cewa niyya ba ta biyan maɗaba'a. Hanyoyin shigar kuɗi uku ne: sayarwa a shago, da masu biyan kuɗin shekara, da talla. A misali, in an buga kwafi 1,000 aka sayar da 600, to waɗannan 600 su za su ɗauki nauyin bugun duka, bayan mai shago da mai rarrabawa sun cire ladansu. Samari kuwa aljihunsu ba nauyi, kwafi guda ya kan zaga hannu da yawa ba tare da an ƙara ko kwabo ba.

Wannan ya sa waɗansu suka dogara ga talla kaɗai. Frontpage ta Jamus, wadda ta fara a Farankfot cikin 1989, shekaru da dama kyauta a ke rarraba ta, masu talla ke biya, cikinsu har da kamfanonin taba. Ta yi suna ainun, amma cikin 1997 kamfaninta ya karye, ta tsaya. Muzik ta Ingila, ko da ya ke babban kamfani ne ya kafa ta cikin 1995, an rufe ta cikin 2003 da kasuwar manyan gidajen rawa ta ja baya. Darasin a fili ya ke: wanda ya hau dokin aro, ko a tsakiyar kasuwa a kan ce ya sauka.

Har wa yau akwai wata illa. In kamfanin faifai ya sayi shafi guda na talla, sa'an nan ya aiko da faifansa a yi sharhi, ina editan da zai iya cewa faifan ba shi da kyau? Ya kamata tun ranar farko a rubuta doka, mai karɓar talla dabam, mai sharhi dabam. Ran da yara suka gane ana sayen yabo, ran nan mujalla ta mutu ko da ana ci gaba da buga ta.

Amanar 'Ya'yan Mutane

Wannan sashe shi ya fi shafar malamai. Ba a ɓoye ba ne cewa a Turai tarukan wannan kiɗa sun haɗu da shan ƙwayoyi, har an yi asarar rayukan matasa. Editan da ya ƙawata wannan hali ya ci amana. Wanda kuma ya yi kamar bai san da shi ba, yara za su ɗauke shi maƙaryaci. Abin da ya dace shi ne a faɗi haɗarin sosai, da bakin likita, ba da zagi ba.

Haka kuma batun kunne. Cikin 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa wajen miliyan 1,100 suna cikin haɗarin raunin ji sabo da sauraron sauti mai ƙarfi. Jin da ƙara ta lalata ba ya komowa. Shafi guda a kan wannan ya fi shafi goma na yabon taurari amfani.

Sai kuma doka. Cikin Mayu 1992 dubban mutane suka yi kusan mako guda suna rawa a filin Castlemorton na Ingila ba da izni ba. Cikin 1994 Majalisar Ingila ta yi doka wadda ta ba 'yan sanda ikon watsa irin wannan taro na dare a fili, har ta siffanta kiɗan da cewa mai maimaita bugu ne. Mujallar da ke sanar da taruka lalle ta san wanne ke da izni, kada ta tura ɗan wani hannun hukuma.

Takarda Ko Intanet?

Zamani ya juya. XLR8R ta Amurka, wadda ta fara cikin 1993, ta daina fita a takarda cikin 2011. De:Bug ta Balin ta tsaya cikin 2014, Groove ta Jamus ta bar takarda cikin 2018, Mixmag ma cikin 2020. Dalili kuwa shi ne, labarin sabon faifai da na taron ƙarshen mako ya kan iso wayar yaro tun kafin maɗaba'a ta ɗaura takarda. Sabo da haka mai shiri a yau kada ya yi tsere da waya. Ya bar mata labarin yau da gobe, shi kuwa ya riƙe abin da ke jure ajiya, watau doguwar hira, da tarihi, da koyar da yadda a ke haɗa kiɗan.

Ba a Turai kaɗai labarin ya ke ba. Cikin 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na organ mai lantarki a Yamai, aka yi kaset kaɗan, aikin ya kusa ɓacewa, sai cikin 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sāke fid da shi, duniya ta ji. Shekara 35 ke nan aikin yana jiran mai ba da labarinsa. Wannan shi ne babban aikin irin wannan mujalla: ta nemo mai fasaha tun yana ɗakinsa, ta rubuta sunansa da shekararsa daidai, domin na baya su tarar da shi.