Wai Waya Duk Waya Ce? Raddi ga Wasu Makaɗan Jitar Bes

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin makaɗan jitar bes, tun daga masu kaɗawa a coci-cocin Jos da Kaduna har zuwa samarin ƙungiyoyin jita na Yamai da Agadas. Wai waya duk waya ce, sauti a hannun makaɗi yake, abin da ya rage kuma aikin amfilifaya ne. Idan yaro mai koyo ya tambayi maigidansa irin tsirkiyar da zai saya, sai ka ji an ce masa, "Kai dai sayi wadda kuɗinka suka kai, ka je ka gyara hannunka." Masu wannan magana sun san abin da suke yi, wasunsu ma gemunsu ya yi fari da jita a kafaɗa, kuma ba don raini nake ja da su ba. Abin da na gani shi ne sun riƙe rabin gaskiya, sun ce ita ce duka.

Rabin da suka riƙe kuwa mai ƙarfi ne. Mutum biyu za su karɓi jita ɗaya, kowa ya fitar da muryarsa dabam. Wanda ya ja tsirkiya can kusa da gindinta zai sami sauti siriri mai kaifi, wanda ya ja ta kusa da wuya zai sami mai taushi da faɗi. Ƙarfin yatsa, da iya danne tsirkiyar da ba a so ta yi magana, da zama a kan kiɗa ba gaggawa ba jan ƙafa, duk ba a sayen su a shago. Maigidan da ya hana yaronsa ɗora wa kayan aiki laifin kasalarsa ya yi masa gata. Har nan muna tare.

Inda muka rabu shi ne wurin da sautin yake fitowa. Jikin jitar bes ta lantarki gungumen katako ne, ba ta da ƙoƙon da ke ƙara murya. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, abin da makaɗa ke kira fikof. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a samansa, sai a sami ɗan lantarki mai bin sawun rawar tata daidai-wa-daida, shi ne yake bi ta waya ya isa amfilifaya. Ke nan amfilifaya ba ta da abin faɗa sai wanda tsirkiya ta faɗa mata. Tana iya ɗaga shi, tana iya rage shi, amma abin da tsirkiya ba ta bayar ba, ko ka murɗa maɓallin har ƙarshe sai dai ka sami shuuu. Mai kukuma ba ya cewa izga duk izga ce don kawai hannunsa ya faɗa. Yana zaɓen ta, yana gyara ta, don ya san daga nan muryar take tashi.

Kowace tsirkiyar bes tana da zuciya, wato wayar ƙarfe a tsakiya, yawanci mai kusurwa shida don abin da za a naɗa a kanta ya kama da kyau. Naɗin nan shi ne ya raba tsirkiyoyi gida biyu manya. Akwai wadda aka naɗe da zagayayyar waya, ana ce mata rawun. Sa farcenka ka bi ta, za ka ji gargada kamar ta zaren noti, kuma idan ka zame da yatsa daga wannan wuri zuwa wancan sai ka ji ƙiii a lasifika. Muryarta garau take, tana da kaifi, tana daɗewa tana amo. Akwai kuma wadda aka naɗe da shimfiɗaɗɗen ƙarfe, ana ce mata filat. Ita sumul take a hannu, yatsa yana wucewa shiru, muryarta dum take fita, ta cika ƙasa, ta lafa da wuri. Ko wanda bai taɓa riƙe jita ba, idan aka kaɗa masa su a jere, zai ce waɗannan ba uwarsu ɗaya ba.

Tarihin jitar ma yana tare da ni. Lokacin da Leo Fender ya fitar da Precision Bass a Amurka a 1951, filat aka ɗaura mata, domin ana so ta yi kusa da muryar babbar bes ta tsaye da ta zo maye wa gurbi. Haka aka tafi har John Entwistle na ƙungiyar The Who ya ji muryar ba ta ishe shi ba. Yana son sauti mai amo irin na manyan wayoyin fiyano, wanda zai keta ƙarar ganguna da jita. Ya haɗa kai da kamfanin Rotosound na Ingila, a 1966 aka fito da Swing Bass 66, tsirkiyar rawun da ta sauya muryar bes a duniya. Entwistle gwani ne da ba a ja da shi. Da a ce hannu kaɗai ya wadatar, me zai kai shi masana'antar waya?

Babbar hujjar da ake kawo mini ita ce James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a tarin waƙoƙin Motown a Detroit. Ana cewa ai mutumin nan yakan yi shekaru bai canja tsirkiya ba sai in ta tsinke, kuma da yatsa ɗaya yake kaɗawa, amma duniya ta sara masa. Gaskiya ne. Sai dai a duba wace tsirkiya ce ya bari ta tsufa. Filat ce mai kauri ta kamfanin La Bella, irin wadda tsufa ba ya kashe ta, sai dai ya ƙara mata zurfi. Zaɓe ne ya yi da gangan, ya kuma tsaya a kai. Bayan Motown ta koma Los Angeles a 1972, yayin sauti mai kaifi ya shigo, aka yi ta neman ya koma rawun, ya ƙi. Mutumin da ke ganin waya duk waya ce ba zai yi wannan taurin kai a kan waya ba.

Ga kuma wani gefen. Steve Harris na Iron Maiden kiɗan ƙarfe mai gudu yake yi, wanda kowa zai zaci sai da rawun, amma filat yake ɗaurawa, yana kuma canja ta akai-akai don ya ci moriyar ɗan kaifin da take da shi tana sabuwa. Jinsin tsirkiya ɗaya da na Jamerson, murya kuwa sama da ƙasa, saboda ɗaya tsohuwa yake so, ɗaya sabuwa. Jaco Pastorius kuma ya cire ƙananan ƙarafan da ke gitte a wuyan jitarsa, amma ya ƙi rabuwa da rawun. Da yake gargadarta tana cin katako, sai ya shafe wuyan da irin danƙon da ake liƙe jiragen ruwa da shi. Ya gwammace ya sauya jitar da ya sauya tsirkiyar.

Bayan siffar naɗi, sai irin ƙarfen. Wadda aka fi samu ita ce ƙarfe da aka yi wa rufin nikel, muryarta tsaka-tsaki, ba ta cizon yatsa sosai. Mai ƙarfen da ba ya tsatsa ta fi kaifi da kaushi, ta fi jure gumi, amma ta fi saurin cin ƙarafan wuya. Ɗaga tsirkiyar tsohuwar jita ka leƙa, za ka ga 'yan ramuka a kan kowane ƙarfe daidai inda take sauka. Akwai masu siririn rufin roba da ke hana datti shiga tsakanin naɗi, irin su Elixir, sun fi tsada amma sun fi daɗewa da muryarsu. Akwai kuma masu baƙin naɗin nailan, mafi laushin murya a cikinsu duka.

Kauri ma ba abin wasa ba ne. Lambobin da ke jikin kwali, kamar 45 zuwa 105, kaurin siririya da na babba ne, a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na inci. Tsirkiya huɗu masu wannan kauri suna jan wuyan jita da nauyin da ya haura kilo 70 dare da rana. Ka ɗaura masu kauri fiye da na da, wuyan zai ranƙwafo, tsirkiya ta yi nisa da yatsa, danna ta ya zama aiki. Ka ɗaura sirara, wuyan ya miƙe, su riƙa gogar ƙarafa suna zzz. Shi ya sa duk wanda ya sauya kauri sai ya daidaita sandar ƙarfen da ke cikin wuya, balle a ƙasarmu da hunturu ke busar da katako, damina ta kumbura shi. Haka tsawo: yawancin bes inci 34 ne daga inda tsirkiya ta hau zuwa inda ta sauka, wasu inci 30, kuma tsirkiyar wannan ba ta zama daidai a kan waccan.

Na san abin da za a ce: wannan zancen masu kuɗi ne, mu nan tsirkiya daga waje take zuwa, farashinta yana bin dala, abin da ka samu a shago shi za ka ɗauka. To ai rashin kuɗin shi ya fi wajabta zaɓe. Rawun tana tara gumi da ƙura da dattin yatsa a tsakanin naɗinta, cikin 'yan makonni ko watanni kaifin da aka saye ta dominsa ya tafi. Tafasa ta a ruwa da wasu ke yi yakan dawo da shi na ɗan lokaci, amma ba ya mai da gajiyayyen ƙarfe sabo. Filat ta fi tsada ranar saye, amma tana iya shekaru tana aiki. Saboda haka mai kiɗan rege, ko mai raka waƙoƙin ibada masu sanyi, idan ya daure ya sayi filat sau ɗaya, ya huta da zaryar shago. Wanda kuwa salonsa dukan tsirkiya da babban yatsa da fizga ne, irin na Marcus Miller, ko mai kaɗawa a fili inda bes ke nutsewa cikin ganguna, rawun ce tasa, sai ya lazimci goge ta da tsumma bayan kowane wasa. A kuma yi hattara da jabu mai ɗauke da sunan babban kamfani, araha ba ta ado. Kada kuma a gwada sabon iri ranar biki, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba na neman kowa ya yarda da ni don na ambaci sunayen manya. Gwajin mai sauƙi ne. Ranar da za ka canja tsirkiya, ka naɗi kiɗa ɗaya a wayarka kafin ka cire tsohuwar. Ka ɗaura wani iri dabam, kada ka taɓa maɓalli ko ɗaya a amfilifaya, ka sake kaɗa shi da hannun nan naka. Sannan ka kunna wa abokan kiɗanka duka biyun ba tare da ka faɗa musu wace ce wace ba. Idan suka kasa rabewa, na janye maganata. Idan suka rabe, to kafin sayayya ta gaba ka fara tambayar kanka wace murya kiɗanka yake bukata, sannan ka tambayi mai shago nawa ne.