Ana Kwana a Kurmin Mashi, Ana Noma a Gida

A Kaduna, da an gama gaisawa da baƙo, tambayar da kan biyo baya ita ce: "Malam mutumin ina ne?" Da wuya a ji ya ce Kurmin Mashi ko Badiko, ko da kuwa a nan aka yanke masa cibiya. Sai ya ce Soba, Ikara, Bakori, Ɗandume, ko wani ƙauye can cikin ƙasar Sakkwato. Magidanci zai shekara talatin a unguwa, ya aurar da 'ya'ya a cikinta, amma in ya ce gobe zai je gida, kowa ya san tasha zai nufa.

Asalin garin ne ya jawo haka. Kaduna ba irin Kano ko Zariya ba ce mai ganuwa da ƙofofi. Turawa ne suka kafa ta a ƙasar Gbagyi, inda layin dogo ya ƙetare kogi, suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. Neman abinci ne ya tara jama'arta: soja, ma'aikatan reluwe, akawuna, leburori. Daga baya masaƙar KTL ta buɗe a Kakuri a 1957, kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, matatar mai a 1980, kowanne ya ja nasa ayarin samari daga karkara. Unguwar Kanawa da Tudun Nupawa har yau suna ɗauke da sunayen waɗanda suka fara sauka a cikinsu.

Kurmin Mashi tana maƙwabtaka da tsohon barikin makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, kuma babban titin Nnamdi Azikiwe ya bi ta gefenta, da garejin makanikai da rumfunan masu walda a jere. Tashar Mando da ta Kawo duk ba nisa. Wanda ya tsaya a ɗayansu lokacin kaka zai ga ainihin abin da ya riƙe mutanen nan da garuruwansu. Ana sauke buhunan masara da dawa da wake, kowane buhu an rubuta suna da lambar waya a jikinsa da baƙar maka. Direba na ta kira: "Alhaji, saƙonka ya iso, a turo yaro." A gefen buhu ga ƙunshin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, wanda Inna ta ɗaure da tsumman atamfa don matar gida.

Buhun nan kuwa ba kyauta ba ne. Tun farkon damina waya ta fara ƙara: "Yaya, ruwa ya sauka, taki ya yi tsada, ga kuɗin huɗa, ga maganin feshi." Na birni ya tura kuɗi, ƙane ya yi aiki, a raba amfani. Tsohon gandu ne ya sauya kama, mai gida na Kaduna, gona na ƙauye. Sannan ɗakin na birni masauki ne da ba a neman izinin shigarsa. Tsohon da zai ga likita a babban asibitin ido ko Barau Dikko, yaron da ya zo rubuta jarrabawa, ɗan cin rani mai neman inda zai ajiye jaka kafin ya samu baro ko kurar ruwa, duk nan za su yada zango.

Gonar tana da ranarta. Lokacin da masaƙu suka durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007, ma'aikacin da bai sayar da gonar gado ba ya samu inda zai dafa. Haka a rikicin 2000 da na 2002, waɗanda suka raba zaman garin tsakanin arewa da kudancin kogi, mutane da yawa ƙauye suka tura mata da yara har ƙura ta lafa.

Akwai kuma igiyar takarda. Neman aikin gwamnatin tarayya, shiga soja, gurbin karatu, duk sai an nemi shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Gwamnatin Nasiru el-Rufa'i ta taɓa shelar cewa a jihar Kaduna ta daina bambanta ɗan asali da mazauni, amma fom ɗin tarayya bai daina tambaya ba. Shi ya sa za a ga matashin da aka haifa a Kurmin Mashi, wanda ya fi sanin kasuwar Panteka fiye da gonar kakansa, yana zaune a zauren dagaci yana jiran Baffa ya zo ya shaide shi. Ranar ce wasu ke fara ganin garin da suke rubutawa a takarda tun suna firamare.

Abu biyu sun sa hanyar gida ta yi nauyi a 'yan shekarun nan. Na farko kuɗin mota. Kafin a janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. A ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Mai mata da 'ya'ya biyar sai ya yi lissafi sosai kafin ya kwashe su zuwa Sallah. Na biyu shi ne tsaro. Hanyar Birnin Gwari, wadda ta tashi daga Mando, ta yi shekara da shekaru ana shigarta da addu'a. A 2021 an katse layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Kaduna, aka rufe kasuwannin ƙauye, har mutum ya yi makonni bai ji muryar mahaifiyarsa ba. A wasu gidajen ma lamarin juyawa ya yi: dangin ne suka baro ƙauye suka tare a Rigasa da Mando, wanda ya saba karɓar buhu ya koma auno a kasuwa don ciyar da masu noma masa. Sulhun da aka ƙulla a Birnin Gwari a ƙarshen 2024 ya sa an sake buɗe kasuwar shanu, mutane suka fara komawa gonaki, amma wanda ya taɓa biyan kuɗin fansa ba ya saurin sakin jiki.

Sai waya ta cike gurbi. Ta'aziyya a WhatsApp, gudummawar biki ta mai POS. Yana da amfani, babu musu. Sai dai Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma iyakar gona ba ta san alat ba. Sau da yawa rigimar gado da ke kai 'yan birni gaban alƙali daga nan take farowa: an bar gona a hannun ɗan'uwa shekara ashirin ba rubutu ba shaida, ba a san aro ba ne ko jingina, dattawan da suka san iyaka sun rasu.

Manya ma ba su tsira daga wannan ja-in-ja tsakanin birni da gida ba. Muhammadu Buhari yana da gida a Kaduna tun da daɗewa, amma Daura ya nufa ranar da ya sauka daga mulki, a can kuma aka binne shi a Yulin 2025. Shehu Shagari ma a ƙauyensu aka yi masa makwanci a 2018.

Inda ɗan Kaduna kan yi sake shi ne ɗaukar unguwarsa tamkar tasha. Zai ba da gudummawar ginin masallacin garinsu da hannu biyu, amma kwatar ƙofar gidansa ta toshe tun bara yana jiran gwamnati. Alhali a layin nan 'ya'yansa ke wasa, a nan sauro ke cizonsu, kuma galibinsu a nan za su yi aure su zauna.

Kafin damina mai zuwa, duk mai gona a gida ya daure ya je da ƙafarsa idan hanya ta yi kyau, ya tafi da babban ɗansa ko 'yarsa, a zaga iyaka a gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta a takarda, kowa ya riƙe kwafi.